Agogon Baba Ya Ce Shekararsa Arba'in da Ɗaya

Likoro, 8 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yayana Yahya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Rashida da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakewa ba. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta yi albarka, masara ta fara bushewa. Baban Khairat yana gaishe ka.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a cikin ƙullin kuka da daddawa. Duk sanda muka yi waya, ko dai kana sauri a wurin aiki, ko ina gida Gubuchi Baba na zaune kusa da ni. Maganar kuwa a kansa take.

Agogon da ka kawo masa da Babbar Sallah, wanda ka haɗa masa da wayarsa, ya zame masa abin ji da gani. Kullum bayan asuba sai ya taka zuwa fadamar rakensa da shi a hannu. Agogon ya rubuta masa cewa ƙarfin zuciyarsa da huhunsa na ɗan shekara arba'in da ɗaya ne, ya kuma nuna launin kore. Mutumin da ya ba sittin da shida baya. Babu dattijon da bai nuna wa ba a ƙofar masallaci. Da farko har daɗi na ji, don rabon da in ga yana irin wannan fara'a tun kafin a ce yana da hawan jini.

Amma Yaya, abin da idona ke gani daban ne. Takalminsa na Juma'a ya daina shigarsa, ƙafafun sun kumbura. Inna ta ce sai ya tara filo uku yake iya barci. Yana daurewa ya yi tafiyar da sauri don kada lambar ta sauka, in ya isa sai ya zube gindin mangwaro yana haki. Ƙwayarsa dai yana sha, amma wata biyu ke nan bai je awo Makarfi ba. Da na yi magana, ya ɗaga hannu ya ce ga likitansa nan.

Ban san kan waɗannan na'urori ba, koyar da 'yan aji uku na sani. Kai da ka saya, don Allah ka gaya mini, agogon nan yana kuskure?

A gaishe mini da yara.

Ƙanwarka,
Farida

Likoro, 27 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Yayana Yahya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku da jikin ɗanka Huzaifa, Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji amsarka a waya, cewa agogon na asali ne, har 'yan wasan guje-guje da irinsa suke amfani. Ban musa maka ba. Sai dai hankalina bai kwanta ba, shi ya sa ranar Laraba da aka tashi makaranta na wuce Makarfi wurin Malam Sada, ma'aikacin lafiyar da ke duba Baba. Zan rubuta maka yadda ya ce, iya abin da na riƙe.

Ya ce agogon ba ya auna numfashi. Saurin tafiyar mutum yake kallo, ya ƙirga bugun zuciyarsa, sannan ya yi kirdado. In ya ga ana tafiya da sauri zuciya kuma ba ta gaggawa, sai ya ɗauka zuciyar ƙaƙƙarfa ce. Awon gaskiya, in ji shi, sai a babban asibiti, a rufe wa mutum hanci da baki da wata roba yana gudu a kan inji. Ko a jikin matasa lafiyayyu kirdadon yakan wuce ko ya gaza. Sannan ya buɗe katin Baba ya nuna mini sunan ƙwayar da yake sha. Aikinta ke nan, ta rage wa zuciya gudu. Wato maganin ne ke riƙe zuciyar, agogo kuma yana yaba mata a kan natsuwar da ba tata ba. Da na ambaci kumburi da filo uku, fuskarsa ta sauya. Ya ce a kai shi Zariya cikin makon nan, kada a jira.

Na je Gubuchi na durƙusa na faɗa wa Baba duka. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya ce, “Sada da aka raɗa wa suna a gabana shi ne zai fi na'urar da ɗana ya kawo sani?” Inna ta sa baki, ya ce mata so muke mu zaunar da shi tun da sauran ƙarfinsa. Har cajar agogon na ɓoye a cikin kwandon wake. Ya gano, bai yi faɗa ba, amma ranar ko sallamata bai amsa da kyau ba. Na koma Likoro ina kuka a bayan babur.

Na roƙe ka ka kira shi, ka kuwa kira, na gode. Amma abin da ka ce masa shi ne ya riƙa hutawa. Shi kuma ya fita ya gaya wa mutane cewa Yahya ma ya ce lafiyarsa lau, hutu kawai yake bukata. Yaya, ba agogon yake so ba kamar wanda ya kawo shi. In ka ce masa da bakinka abin nan yana iya kuskure, zai ji. Ni mace ce kuma ƙarama, maganata tana tsayawa a bakin zaure.

Saran rake ya kusa, ya ce da shi za a yi kamar kowace shekara. Ban san abin da ya rage in yi ba sai addu'a.

Ƙanwarka,
Farida

Gubuchi, 1 ga Disamba, 2024

Zuwa ga Yayana Yahya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

An sallamo mu daga asibitin Zariya ranar Alhamis, bayan kwana tara. Abin da ka ji a waya guntu-guntu ne, bari in ba ka shi a jere. Da hantsi ne, rana ta uku da fara sara. Ya ɗora damin rake a ka zai kai bakin hanya, ya yi taku kamar ashirin ya durƙushe. Masu sara suka ɗauko shi a motar da ta zo lodi. Da na iske su, leɓensa ya yi duhu, yana jan numfashi kamar mai shan iska ta tsinke. Likita ta ce zuciyar ta gaji tun da daɗewa, ruwa ya taru a huhu. Ta ce da an zo wata biyu baya, da ba a kai nan ba. Takardar magani kawai na karɓa.

Yanzu yana gida. An hana shi gona, an hana shi gishiri. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya sau ɗaya ya dafa bango. Raken, Kawu Lawal ne ya ƙarasa sarewa. Agogon kuwa har yau kore yake nunawa, arba'in da ɗaya, don tun da ya faɗi bai yi wata tafiyar da zai sake lissafi a kanta ba.

Jiya da la'asar ina yanke masa farce, ya daɗe yana kallon hannunsa, sai ya ce, “Farida, tsakanin likita da agogon nan wa ya yi mini ƙarya?” Na ce babu, Baba, agogo ya faɗi iya abin da ya gani ne. Can ya ce, “To ni ne. Tun kafin Sallah nake jin numfashina ba ya kai ƙasa. Na sani. Da abin nan ya ce ni yaro ne, sai na ga na sami mai tsaya mini.” Ban taɓa jin Baba ya yi magana da irin wannan murya ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da yankan farcen, don kada ya ga idona.

Ya ce kada in gaya maka, wai za ka ɗora wa kanka. Na saɓa masa, domin na san ka riga ka ɗora. Inna ta ce ranar da aka kwantar da shi ka kira ta kana kuka kana cewa kai ka jawo, kuma tun daga ranar ni kake tambaya jikinsa, shi ba ka kira shi ba. Ya lura. Wayarsa tana kan tabarma kusa da shi, ko saƙon kamfani ne ya shigo sai ya ɗaga ya duba.

Ni ma na yi fushi da kai a Zariya, ba zan ɓoye ba. Ya wuce. Alheri ka nufa, kuma da bakinsa ya wanke ka. Likita ba ta ba mu wani alkawari ba, ta ce a sha magani a dawo bayan mako huɗu. Ba ni da ikon ƙara masa numfashi, ba ni da ikon sa shi ya daina kallon hanyar fadama. Abin da ya rage a hannunka yake. Kada ka aiko da komai a wannan karon. Ka nemi hutu ka zo, ka zauna kusa da shi a zaure, ko ba za ku ce wa juna komai ba.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka iske shi.

Ƙanwarka,
Farida