Muƙamuƙin da Ruwa Ya Tono a Cadawa

Cadawa, daminar 1962

Zuwa ga maigidana Hashimu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Labo mai fataucin awaki ya ce ya gan ka a kasuwar Jibiya, ka yi ƙiba har da tumbi, don haka tambayar ma ɓata tawadar Malam Bakari ce, wanda ke rubuta mini. Yara suna lafiya, in kana tuna su.

Ina sanar da kai cewa ka mutu bara. Ruwa ya zabtare gaɓar rafi, ƙasusuwan mutum suka fito, da layarka ta jar fata a wuya. Tun bikin 'yancin kai ba wanda ya ji ɗuriyarka, sai wanka Barmo ya leƙa sau ɗaya ya ce kai ne. Ko sadakar bakwai ba a yi ba ya shiga gonarka da hauya. Ni kuwa, sakarya, na zauna takaba, na yi kuka har idona ya kumbura, a kan mutumin da ke can yana cin tsire.

Jandarma sun hana a binne ƙoƙon kan, suka kai shi Maradi. Can likita ya ɗauki hoton muƙamuƙin da na'urar da ke nuna ƙashi, ya auna faɗin haɓa da tsawon ƙashin da ke hawa wajen kunne. Ya ce na namiji yakan fi kauri da faɗi, wannan kuwa siriri ne, ga dukkan alamu na mace. Barmo ya tsaya ƙofar buro, wato ofishin jandarma, yana rantsuwa ya san haƙoran ƙanensa. Gonar yake ji, ba kai ba.

Sai aka tuna da Delu mai tallar nono, wadda ta ɓata a makon da ka tafi ba sallama. Uwarta ta gane karyayyen haƙorinta.

Ba na tambayarka yadda layarka ta hau wuyanta. Jandarma ke son ji, kuma da bakina na faɗa musu inda kake. Ka aiko mini da takardar sakina ta hannun Labo. In da sauran mazantaka a jikinka, ka zo da ƙafarka kafin a zo da kai. Kullum uwar Delu tana zaune a ƙofar gidanmu, ni ke miƙa mata ruwa.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Matarka kafin takarda ta iso,
Habsatu