Kalmomin da Na Raba da Tagwayensu

Ya ke sanyin idona, inuwata a tsakar rana, raɓar da ke sauka kan ganyen da ya yi yaushi ta maido masa da rai,

Yau na iya numfashi! Kwana shida ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, sai ɗazu da kika tsaya a ƙofar shagonmu, yayyafi ya jiƙa miki mayafi, kika ce, “Na ci jarrabawar.” Wallahi ji na yi kamar an sauke mini kayan da ya fi ƙarfin wuyana. Amma bakina ya ƙi buɗuwa, ga mutane a layi da takardunsu, ga maigidana yana leƙena ta saman tabarau. Shi ya sa ni da kullum nake buga maganar wasu, yau na ɗauki biro in rubuta tawa.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa, rungume da kundin digirinki, rubutun hannu, kika ce in buga miki a kwamfuta? Mai sana'a irin tawa yatsunsa ke karatu, ba kansa ba. Da na ga kalmomi bibbiyu a jere cikin harsunan da ban sani ba, sai na ɗauka gajiya ce ta sa hannunki maimaitawa. Na bi su ina goge ta biyun, har ina yaba wa kaina! Ashe duk binciken naki a kan haka yake: ninki, wato yadda harsunan duniya ke maimaita kalma su haifi wata sabuwa.

Da kika dawo kika duba, ba ki ɗaga murya ba. Kika zauna kan bencin nan mai gurguwar ƙafa, kika ce, “Malam, shekara biyu ka goge mini.” Ina ma ƙasa ta tsage in shige! Sai kika tambaye ni ko ja da ja-ja ɗaya ne. Na ce a'a. Gida da gida-gida fa? Na sunkuyar da kai. Kika nuna mini cewa a harshen Malay orang mutum ɗaya ne, orang-orang mutane. Mata ido ne, mata-mata kuwa ɗan leƙen asiri. Na ce a wurinmu dai mata-mata wani abu ne daban. Kika rufe baki da mayafi don kada in ga dariyarki, amma na gani, kamar wata ya leƙo ta bayan hadari. Tun daga ranar ban sake mallakar zuciyata ba.

Mako uku muka yi muna mayar wa kowace kalma 'yar'uwarta, kujerarki kusa da tawa, fanka tana ɗaga mana takardu. A bakinki na ji cewa Japanawa kan ce yamayama idan duwatsu sun yi yawa, masu Suwahili kuma polepole idan ana so a bi a hankali. Wani ninkin ƙari yake yi, wani ragi, wani kuma kan kalmar kawai yake ɗauka, kamar yadda tambaya ke zama tattambaya. Wace makaranta ce ta taɓa yi mini daɗi haka? Ruwan sama na farko ma bai kai muryarki ƙamshi a raina ba! Da na yi ƙarfin hali na je wurin Babanki neman aurenki, cewa ya yi, “Sai ta kare kundinta a gaban malamai tukuna.”

Sai ga Alhamis ɗin da ta wuce. An riga an yi wa kundin bango, kin miƙa wa malamanki. Ina share tsofaffin ayyuka a kwamfuta na ci karo da shafi na tamanin da huɗu na kundinki: kalmomi talatin, duk rabi-rabi yadda na bar su. Ba zan ɓoye miki ba, masoyiyata, zuciya ta raya mini in yi shiru. Wa zai lura? Yayata ce ta ga na kasa zaune na kasa tsaye, ta matsa har na faɗa mata. Ta ce, “Tashi ka je yanzu. In ta ji a bakinka, fushi za ta yi. In ta ji a bakin malamanta, ka rasa ta.”

Na je. Kika saurare ni a bakin ƙofa, kika ce, “Na ji,” kika maida ƙyaure. Wayyo, wannan shiru! Kogi ya ƙafe, tsuntsaye suka daina kuka, wayata ta zama kamar dutse a aljihu. Na yi ta tambayar kaina: da hannuna zan rushe miki shekara biyu, in rushe tawa rayuwar a kai?

Sai ɗazu na ji yadda aka yi. Kin buga shafin daidai, kin raba wa malaman tun kafin su fara tambaya. Wani tsohon farfesa a cikinsu ya ce ke kika gano kuskuren? Kika ce a'a, wanda ya ɓata ne ya kawo kansa. Da kika gama ba ni labarin a ƙofar shago, kika juya za ki tafi, kika waiwayo kika ce, “Baba ya ce ka zo ranar Asabar.” Maigidana ya cire tabarau ya ce, “Kai, zauna kafin ka faɗi mini kan firinta!”

Ga alƙawarina, ya ke furen zuciyata. Abin da ban gane ba a tare da ke, zan tambaya kafin in sa hannu. Laifin da na yi, a bakina za ki fara jin sa. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma don Allah kada ki sake yi mini shirun kwana shida. Ba ni da ƙarfinsa.

Asabar da hantsi za ki ji sallamata. Idan muryar ta fito da rawa, kada ki bari ƙannenki su yi mini dariya.

Naki ni kaɗai, yau da gobe, har ranar da numfashina zai ƙare,
Mai buga miki rubutu