Ba Harshenki Na Aura Ba

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko da ke sauka bayan ƙasa ta gaji da jira. Zuwa ga tantabarata mai taurin kai, wadda ta tashi daga gidanta ta je ta sauka a ɗakin baƙin Yayarta, ta kashe waya, ta bar ni da tukwane suna kallona ina kallonsu. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙauna, amma kada ki ɗauka gaisuwar mai sanyin rai ce. Raina a ɓace yake, Zumata, ya ɓaci iyakar ɓaci. Tunda kin ƙi ɗaga wayata, ga takarda nan, ita dai ba a kashe ta.

Saƙonki ya iso. Yaya ce ta kawo shi da ƙafarta, ta same ni a shago na warware wani tsohon sikeli, hannuna duk baƙin mai. Na ba ta kujera ta ƙi zama. Ta ce, "Ƙanwata ta ce tafiyar nan da kuka shirya ta bakin kogi ka yi ta kai kaɗai. Wai kai ta gidan abinci yanzu asara ce, ka nemi mai harshe ku tafi. Ni dai 'yar aike ce, kada ka hau ni da faɗa." Ban hau ta ba. Na ajiye miki faɗan duka, ko ƙwaya ban taɓa ba.

Asara? Haba, Zumata! Fisabilillahi, ni za ki aiko wa wannan magana? Ni da nake yini ina gyara wa mutane ma'auni, ashe a gidana an ɗora ni a sikeli an ga nauyina bai wuce na cokalin shayi ba!

Bari in tuna miki yadda muke, tunda da alama zazzaɓin bara bai tsaya kan hanci da harshe ba. Tun da na shiga sana'ar nan ta bin garuruwa ina gyaran sikeli, daga rumbun hatsi zuwa mahauta, ban taɓa dawowa gida hannu rabbana ba. Wasu mazan zane suke kawowa, wasu turare, ni kula nake kawowa, ƙaramar kular nan shuɗiya mai tsagaggen murfi. Ke kika kafa dokar ai. Kika ce duk garin da na shiga in tambayi direbobi da 'yan dako inda suke ci, ba inda masu ƙamshin ofis ke ci ba, in ci in ƙoshi, sannan in sa a zuba miki ludayi ɗaya. In na dawo sai ki wanke hannu, ki zauna a kujerar nan ta bakin tagar kicin, ki ɗebo da ƙaramin cokali, ki lumshe ido. Sai in ga girarki ta hagu ta ɗaga. Daga nan ki fara jero su kamar ke kika yi musu cefane: mutanen bakin teku sun sa kwakwa a miyar kifinsu amma sun bari tafarnuwa ta ƙone, mutanen kan dutse rowar mai gare su sai dai sun iya ganye, na garin kan iyaka kuwa zuma suke ɗiga wa nama, kunya ce ta hana su faɗa. Kafin mako ya zagayo kin dafa min irinta, ta fi ta masu ita, ina ci kina tsaye a kaina kina jiran yabo kamar ba ki san zai zo ba.

Ashe tun da zazzaɓin nan ya sake ki bara, ya tafi da jin ƙamshinki da ɗanɗanonki gaba ɗaya. Ashe tun daga lokacin ruwa da miya duk ɗaya ne a bakinki. Kika yi gum da bakinki. Kika ci gaba da zama a kujerar, kina lumshe ido, kina ɗaga min gira! Girar ma kika koya mata ƙarya, Zumata? Da ido kike tsintar abin da ke cikin miyar, sauran kuma ki tatse ni da tambaya cikin dabara, ni ko ina ta zuba kamar famfon da ya lalace, ina jin daɗi wai matata ta fi kowa harshe a duniya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma naki ya ƙure a wurin da ya kusa raba ni da ke. Kin san ranar. Mota ta mace min a hanya, na yini a gareji cikin zafin nan, kular tana kujerar baya rana na dukanta. Na iso gida a gajiye na miƙa miki na shige wanka, ban buɗe ba. Miyar da ko kyanwa ta shinshina sai ta ja da baya, ke kika zauna kika cinye ta tas, har kina ɗaga murya kina gaya min ta bayan ƙofa wai sun sa lemun tsami da yawa amma ta yi daɗi. Washegari ga mu a asibiti, ana yi miki ƙarin ruwa, leɓɓanki sun bushe sun yi fari, ni ina riƙe da takalmanki a hannu ban ma san na ɗauko su ba. Likita ya dube ki ya ce, "Hajiya, ke ba ki ji warinta ba?" Sai kika juya fuska bango kika ce, "Ba na jin komai, likita. Ya kai shekara."

Likita kika gaya wa! Mutumin da bai san ko sunan 'ya'yanki ba! Ni ina tsaye a gefen gadon, ni da muka haɗa filo tun gashina yana baƙi, sai dai na tsinci labarin gidana a bakin gado kamar ɗan ganin mara lafiya. Wallahi da mari kika yi min da ya fi min sauƙi.

Ki tsaya, ban gama ba. Akwai shari'ar gishiri. Shekarar nan duka, wata rana in ci miyarki in ji ta lami, wata rana in ji kamar an juye buhun gishiri a ciki. Me kike zato na ɗauka? Na ɗauka fushi kike yi da ni! Na zauna na yi ta lalube a cikin kaina ina neman laifina. Na ba ki haƙuri kan safa da nake jefarwa a falo. Na ba ki haƙuri kan maganar da na gaya wa ƙaninki wurin suna. Har famfon banɗaki da ya shekara yana ɗiga na gyara, duk don gishiri ya ragu. Ke kuwa kina karɓar haƙurin ɗaya bayan ɗaya, kina cewa "ba komai, Baban yara," ba ki san ma na mene ne ba. Kin ci haƙurina a banza, Zumata, kuma ba zan yafe ba sai kin zo na gan ki ido da ido.

Yanzu kuma da aka sallame ki, maimakon ki dawo gida mu yi ta a ɗaka, kika zarce wurin Yaya wai kunya. Kunyar wa? Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ban taɓa jin harshe ya tattara kayansa ya bar baki ba.

Na san abin da ke cin ki, kada ki ɗauka ban sani ba. Kina ganin abin da na so a wurinki ke nan, shi ne kuma ya tafi. To, zo mu koma bakin kogin nan da kika ce in tafi ni kaɗai, mu ga ko gaskiyarki ne.

Can muka yi tafiyarmu ta farko bayan aure. Rumfar kwano ce a bakin ruwa, benci biyu da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, na naɗe kwalin ashana na cusa masa. Iska tana ta ɗaga miki mayafi kina dannewa da gwiwar hannu. Aka kawo soyayyen kifi da burodi mai zafi. Kika kai loma ɗaya, girar ta ɗaga, kika kira yarinyar da ta kawo, kika ce mata cikin ladabi a gaya wa mai girkin an jefa kifin cikin man jiya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ga mai abincin ta fito da kanta, mace ƙatuwa, ludayi a hannu, gumi na zuba, na ce yau mun shiga uku. Ta gutsiri kifin daga farantinki, ta tauna, sai ta fashe da dariya har tana dafa tebur. Ta ce, "Yaro, ina ka samo wannan? Riƙe ta da kyau, irinta ba ta zuwa kasuwa sau biyu." Ta koma ta soya mana sabo, ta zauna tare da mu har inuwar rumfar ta kai ruwa.

Yanzu ki tambaye ni ɗanɗanon kifin nan na biyu, wanda kika yi shekaru kina ba da labarinsa. Ki tambaye ni! Wallahi tallahi ban sani ba. Ko zaƙi gare shi ko ɗaci, ban sani ba. Abin da na sani shi ne kin cire takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur, babban yatsanki yana kaɗawa duk lokacin da loma ta yi miki daɗi. Na san mai ya ɗiga miki a hannun riga kika ɓoye wurin don kada in gani. Na san kin zare ƙayar da ke cikin rabona tun kafin in lura da ita, kika ajiye a bakin faranti kina ci gaba da magana. Ni da ban iya bambanta citta da kanumfari ba sai an faɗa min, kina zaton don miya nake jigilar kula daga gari zuwa gari duk shekarun nan? Don in sami dalilin zama in kalle ki ne, ke wannan baiwar Allah! Gidajen abinci nawa na shiga ni kaɗai, na ci na tashi ban san me na ci ba, hankalina yana kan abin da za ki ce?

Ya hasken ɗakina, ya ke da gidan nan ke yi wa shiru tun da kika fita, ki ji abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Likita ya ce wataƙila ƙamshi ya dawo, wataƙila bai dawo ba, a riƙa shinshina kanumfari da ɓawon lemu safe da yamma a ga abin da Allah zai yi. Na saya, suna cikin 'yan kwalabe a kan tagarki. In ya dawo, alhamdu lillahi. In bai dawo ba, to ga harshena nan, ba shi da wani aikin kirki dama, na ba ki aro har ƙarshen raina. Ni zan ɗanɗana, ke ki faɗi suna. Na ma gwada shekaranjiya a wani gidan abinci kusa da tasha. Na lumshe ido irin naki, na ce wa mai girkin akwai wani abu a miyar nan mai sanyaya bayan harshe, kamar ganyen da ake jefawa a shayi. Mutumin ya yi min kallon tausayi ya ce na'a-na'a ce. Kin gani? Ke da tun ban rufe baki ba kin faɗa, har ki ƙara da cewa sun sa ta da wuri. Zan yi ta kwaɓa, ki yi ta gyara min, ki yi min dariya son ranki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, naki kuwa shekara guda yana rufe min ido ban gane ba.

Kular kuwa ta gama aiki. Na wanke ta na kife a saman kabad. Abincin da ke tafiya ya same ki shi ya kusa kashe min ke, daga yau ke za ki riƙa tafiya ki same shi, a kujerar gaba, kusa da ni.

Ranar Asabar da hantsi zan tsaya a ƙofar Yaya. An gyara motar. Zan yi ham sau ɗaya irin na mutunci, in ba ki fito ba in danne shi har maƙwabta su leƙo, kin kuwa san zan iya. In duk da haka kin ƙi, zan tafi, tunda haka kika umarta. Na yi tambaya, matar nan tana nan da ranta, ta tsufa, a kujera take zama yanzu tana ba 'ya'yanta umarni. Zan zauna a teburinmu, in sa a kawo faranti biyu, in bar naki ya huce a gabana. Za ta gane ni, irinsu ba sa mantuwa. Za ta dubi bencin ta ce, "Yaro, ina wadda na ce ka riƙe da kyau?" Me zan ce mata, Zumata? Ki gaya min, domin ni na rasa.

Ki fito da mayafinki mai nauyi, akwai iska a bakin ruwa.

Naki jiya da yau da ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa, mijinki mai fushi, wanda ya ci gishirinki shekara guda bai tofar ba, kuma a shirye yake ya ci na sauran shekarun, in dai hannunki ne ya zuba.