Na Ƙirga Numfashinki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na bari na fito rana, ruwan randa a tsakiyar zafi, Rediyona wadda ba a kashewa,

Sallama irin ta wanda ya gaji da yin sallama daga nesa. Da gangan na rubuto ban kira ba. Idan na kira za ki gyara murya ki ce lafiya lau, alhali kowace kalma sai kin saye ta da numfashi. Karatu kuwa ba ya cin iska. Ki jingina da kyau, yau ni ke da surutun, tunda shekara shida ke kika riƙe shi.

Ina zaune a teburin kicin na gidan Tsoho, wanda aka ɗauke ni jinyarsa, shi kuma yana barcin rana. Kin san aikin sama-sama, amma ban taɓa ba ki labarin abin da Nas mai zuwa ranar Talata ta koya mini ba. Kullum da safe in ɗora shi a sikeli, in riƙe wuyan hannunsa in ji bugun jini, in zuba wa ƙirjinsa ido minti guda ina ƙirga numfashi. Ta zana mini zuciya a bayan kwalin magani, ta ce famfo ce mai ɗaki huɗu: gefe ɗaya ya tura jini huhu ya ɗebo iska, ɗaya gefen ya karɓa ya raba wa jiki. Idan famfon ya yi laushi sai jini ya cunkushe a baya kamar motoci a bakin gada, ruwa ya tsattsafa cikin huhu, ya taru a ƙafa. Mutum yana kan tudu amma yana nutsewa. Don in ci abinci na koyi wannan karatu. Ashe saboda ke Allah ya zaunar da ni a gabansa!

Saƙon muryar da kika turo shekaranjiya, masoyiyata, kin manta ba ki tsayar da shi ba. Bayan kin ce sai anjima wayar ta ci gaba da ɗauka. Na ji kina hawa matakalar ɗakinmu. Taki goma sha ɗaya ce, na san ta kamar yunwar cikina, kuma sau biyu kika tsaya. Na ji kin zauna a bakin gado. Na ba ki uzuri, na ce ai hawa kika yi, na bari minti uku suka wuce, sannan hannuna ya ɗauko agogo ba tare da na sa shi ba. Numfashi talatin da ɗaya! Mai hutawa ba ya wuce ashirin a minti. Na sake ji, na sake, ko kunnena ne ya yi mini ƙarya, bai yi ba.

Daga nan na koma kan hotunan da kike turowa, na dube su da idon aiki. Ina zobenki? Me ya sa silifas ɗina ne a ƙafarki, ke da kike ce musu jiragen ruwa? Filo uku a kan gado, na wane ne, ke da kike wurgar da guda ɗaya ki kwanta shame-shame? Tsoho ma da uku yake kwana, don idan ya kwanta a miƙe sai ruwan ƙafa ya dawo masa ƙirji.

Kin tuna ranar da muka tare a ɗakin nan? A wannan matakalar kika haye da gudu, bokitin kwanuka a ka, kina ba ni labarin matar mai gidan haya tun daga ƙasa har sama ba ki ja numfashi ba. Ni ina baya da katifa ina haki, kika leƙo kika ce mini tsohon injin niƙa. Na ce Allah ya ba ki huhun mutum uku, ya hana ni kunnen ɗauka. Sau nawa na roƙe ki ki yi shiru? Wayyo ni! Ga shi yanzu kalma huɗu, ki tsaya, kalma biyar, ki yi tari. Ke da kike kamar ruwan sama a kan kwano, wa ya mai da ke ɗigon famfo? Na janye roƙona, wallahi na janye.

Ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake. Wata goma ina wanke uban wasu, ina gyara masa filo, na san zuciyarsa bugu-bugu, 'ya'yansa kuwa su shigo ranar Lahadi da ƙanshin turare, su shafa masa kai, su duba agogo. 'Yata tana wata huɗu a duniya ban san ƙanshin kanta ba, matata tana haki a matakala, sai a waya na tsinta kamar ɓarawo. Amma gaskiya ɗaya ce: mutanen nan ba su taɓa wulaƙanta ni ba, kuma ba wanda ya ɗaure ni ya kawo ni. Na so in yi fushi da ke kan ɓoyon da kika yi, sai na tambayi kaina wa ya koya miki. Ba ni ba ne nake cewa lafiya lau ina dafe da baya? Innata ma da ta ce gajiyar haihuwa ce, ban ga laifinta ba. Bakwai ta haifa, abin da ta gani take faɗa. Sai dai idonta ba ya shiga cikin ƙirji.

Na kai wa Nas maganar. Ta ce ba ta yanke hukunci daga nesa, amma akwai matan da zuciyarsu ke yin rauni a watannin bayan haihuwa, ba laifin kowa ba ne, akwai magani, kuma da yawa suna warkewa idan an je da wuri. Da na ce gobe, sai ta harare ni ta ce yau.

Don Allah, hasken ɗakina, ki danna babban yatsa a ƙwaurinki, ki ƙirga goma, ki ɗaga. Idan gurbi ya zauna kamar a kwaɓaɓɓen gari, kin ga abin da na gani. Ko bai zauna ba, ki tafi. Ki gaya wa likita maganar filon, da matakalar, da zoben da ya ƙi shiga, ki ce a duba zuciya. Wannan lafiya lau ɗin ki bar ta a gida.

Na nemi izinin tahowa. 'Yar Tsoho ta ce sai an sami madadina, mako biyu, kuma ba zan bar shi babu mai riƙe masa hannu ba. Shi da kansa ya dafa ƙirjinsa ya ce in yi sauri, tasa zuciyar ta ci zamaninta. Amma mako biyu ya yi wa zuciyarki nisa, shi ya sa na tona asirinki. Na gaya wa Yayana komai, na ce ya taho da mota, Inna ta riƙe yarinya. Hoton takardar nan zan tura miki, kafin ki kai ƙarshenta yana bakin ƙofa. Ki sauko a hankali, ki dafa shi.

Na san za ki yi fushi. Ki adana shi, kada ki kashe ko kaɗan a waya. Ranar da kika iya wanke ni tas da numfashi ɗaya, daga taki na farko har na goma sha ɗaya, zan tsaya a ƙasa da jakata in saurara, ba zan ce uffan ba.

Naki, muddin ƙirjin nan yana ɗagawa yana sauka,
Tsohon injin niƙanki.