Tubalan da Ke Shanye a Tsakar Gidana

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Ko kana raye ma da wuya, tunda kullum cewa kake ajamina kamar sawun kaza ne a ɗanyen siminti. To, ni ban yi boko ba, kuma maganar ta cika mini ciki.

Iyalinka suna lafiya. Hajiya Mairo ta fita takaba, ta koma wajen babban ɗanku a Ƙofar Na'isa. An sare darbejiyar ƙofar masallaci saboda wayar wuta, yanzu bayan la'asar a gindin katanga muke raɓewa. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta.

Zancen malamanka ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna ranar da ka zo aron zaurena, bayan ka bar aikin hedimasta? Ka ce malaman firamare na Sheshe da na Mandawari suna neman wurin haɗuwa ran Asabar, su riƙa gwada darasi a junansu kafin su kai wa yara. Ɗaya ya tashi ya koyar, sauran su zauna a tabarma su zama 'yan aji, suna jefa masa tambayoyi. Inda ya kasa a taru a gyara. Ka ce so kake yaro ya daina haddace amsa, ya koyi nemo ta da kansa. Na ba ka zauren don abota, amma na faɗa maka ra'ayina: mutane da gemunsu suna ɗaga hannu suna wasan yara? Kuma mu a tasowarmu, yaro mai yawan tambaya marar kunya ne. Ka yi dariya, ka ce kan magini ya fi katangarsa tauri.

Bayan rasuwarka abin ya yi sanyi, wasu sun daina zuwa. Malama Rabi mai koyar da kimiyya ita ta riƙe ragowar. Kuma ba su da wani wuri sai zaurena, don ran Asabar makarantunsu a kulle suke.

Kwanaki suka shirya darasi a kan ginin ƙasa, suka roƙe ni in zauna da su. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na ce yau za a ji magana daga bakin mai ita. Na lissafo musu maginan unguwar nan tun daga kakana, da gidan da kowa ya gina, da yadda ake jera azara a rufin ɗaki. Na ce ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, sannan a yi tubali. Sai wani ƙaramin malami, Malam Nura, wanda ran nan yana cikin masu zaman 'yan aji, ya ɗaga hannu ya ce shi yana so ya san don me ake barin ta ta tsima, kuma me zai faru in ba a bari ba.

Na ce haka muka tarar. Ya ce ya ji, Baba, amma don me? Raina ya ɓaci. Na tashi na kakkaɓe riga, na ce zauren nan ba kotu ba ne. Da Asabar ta zagayo na sa kwaɗo a ƙofa. Ina ciki ina jin sallamarsu, na amsa can ƙasa-ƙasa don kada in ɗauki zunubi, amma ban fito ba.

Sai dai tambayar ta ƙi barina. Na ɗauki sandata na bi waɗanda muka yi aiki tare. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, wanda na samu kuwa ya ce shi ma haka ya tarar. Babana ya sani ne? Ko shi ma bai taɓa tambaya ba? Na yi shekaru ina miƙa masa tubali, ban taɓa cewa don me ba, don na san abin da zai biyo baya. Ni da ake zuwa wajena neman tarihi, ashe rabi na riƙe. Yadda ake yi yana hannuna, dalilin kuwa ya shiga kushewa da masu shi.

Kai ka san haka? Shi ya sa ka zaɓi zaurena, ka bar na wasu? Ban taɓa faɗa maka ba, amma duk Asabar ɗin da nake cewa gyangyaɗi nake a bayan labule, kunnena yana wajenku.

Malama Rabi ce ta zo ta same ni. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma yi mini gori ba. Ta ce su ma ba su san amsar ba, kuma in zauren ya zauna a kulle, taron da ka kafa ya watse ke nan. Ta ce in na yarda a gwada a gani. Na ce su kawo ƙasa, amma ni zan tsaya a kan kwaɓin, ba zan bar ɗan boko ya ɓata ƙasa a gidana ba. Da ka ga Malam Nura ya naɗe wando yana taka taɓo, ina gyara masa da bakin sanda! Har wasu cikin waɗanda suka daina zuwa sun dawo kallo.

Yanzu sahu biyu ne na tubali a shanye a tsakar gida, na ƙasar da ta tsima da na wadda ba ta tsima ba. Ran Asabar za a sako su daga kan katanga, a zuba wa wasu ruwa, a ga wanda zai jure. Daga nan kowane malami ya je ya sa yaransa su yi nasu, ba tare da an faɗa musu komai ba.

Ina jin tsoro, aboki. In suka fashe iri ɗaya, to ni da ubana da kakana zaman jiran banza muka yi ta yi. Amma na riga na cire kwaɗon, na miƙa wa Malama Rabi shi da makullinsa, don na san halina.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka. In Ya haɗa mu da alheri, zan faɗa maka wanda ya fashe.

Abokin gardamarka,
Tanko magini, Sheshe.