Ni Na Ƙona Takardar, Nura Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Ina roƙo ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don abin da za ku faɗa a kaina na riga na faɗa wa kaina.

Ni mutumin Kurfi ne, a gidan malamai na tashi, hannuna ya fi sabawa da ajami fiye da boko. Mu tara ne da muka yi karatun allo a zaure ɗaya, yanzu aiki ya warwatsa mu. Ɗan kawuna Nura, mai gyaran waya a Dutsin-Ma, shi ya koya mana wasan nan na kwamfuta na gini da tubala, ya ajiye tsohuwar kwamfuta a shagonsa ta zama saba, wato ita ke riƙe da duniyar da muke shiga mu yi gini tare. Da aka zo maganar wanda zai riƙe kwafin ajiya, wanda ake dawo da komai da shi in an sami matsala, baki ɗaya suka ce Malam, wai ni ne mai amana. Nura ya sa kwafin a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta, ya ce a kulle shi da doguwar kalmar sirri marar ma'ana, ni in zaɓa in rubuta, shi ma in ba shi. Na hana shi. Na rubuta sunayen haruffan da ajami a 'yar takarda, ina jin daɗin cewa ni kaɗai na riƙe. Me ya kai ni? Girman kai ne kawai, ba ni da wani suna da zan ba shi.

A cikinmu akwai Lawal, Allah ya jiƙansa. Wata bakwai ya yi yana gina gidansu na Kuki a cikin wasan, da rumbunan, da rijiyar, har da darbejiyar ƙofar gida. Bayan rasuwarsa ƙanensa Kabiru kan shiga duk Juma'a bayan masallaci, ba ya gina komai, ya zauna a zauren yayansa ya fita.

To a gidanmu ba a yar da takarda mai haruffan Larabci. Lokaci-lokaci nakan tattara waɗanda suka yage in ƙona su a wuri mai tsabta in binne tokar, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Ran nan na share zaure na tattara, na ƙona, har ina jin na yi aikin lada. Sai bayan kwana uku na buɗe littafin da nake saka takardar kalmar sirrin a ciki, babu ita. Na zazzage kowane littafi a gidan. Na gwada abin da nake tunawa ya fi sau ɗari, filas ɗin ya ƙi buɗewa. Shin ba a nan ya kamata in kira Nura mu yi sabon kwafi ba? Aikin minti goma ne. Amma yaya zan ce mai amana ya ƙona amanar da hannunsa? Na yi shiru, ina cewa zan tuna.

Sai Nura ya kira ni zai sabunta wasan. Ya tambaye ni, "Yaya Malam, kwafin yana nan dai ko?" Na ce yana nan. Ya sabunta, duniyar ta lalace, rabin ginin ya tafi, har da gidan Lawal. Na hau mota na kai masa filas ɗin, ya jona, ya ce in sa kalmar. Na danna abin da na san ba daidai ba ne, ya ƙi, sai na ji bakina yana cewa ai ni na sa daidai, wataƙila jona shi da ya yi a kwamfutar da ta sami matsala ne ya ɓata shi. Wallahi ya yarda. Ya dafe kai, ya shiga zaurenmu na hira a waya ya rubuta cewa laifinsa ne.

Wata biyu ke nan Kabiru bai amsa sallamar Nura ba. Sun haɗu a kasuwar Kurfi, ya kau da kai. Ni kuwa ni Kabiru yake kira yana kuka da Nura, ina ba shi haƙuri, yana cewa da a hannuna komai yake da haka ba ta faru ba. Kun san yadda wannan maganar take ci na? Ina jan yara salla, ina koya musu illar ƙarya, filas ɗin yana aljihuna lafiyarsa ƙalau, gidan Lawal yana ciki, ni ne na rufe ƙofar.

Jiya Nura ya zo har gida, ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, sannan ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya Malam, kai kaɗai Kabiru yake jin maganarka. Ka raka ni Kuki ranar Juma'a in roƙe shi gafara, in ya ga fuskarka ba zai kore ni ba." Na ce Allah ya kai mu.

In na raka shi na yi shiru, zan tsaya ina kallon mutum yana tuba a kan zunubina. In na faɗa, gidan ba zai dawo ba, kuma su biyun za su san wanda suka yarda da shi. Yau Laraba. Me zan yi?