Gefen da na Yage daga Kan Sarkin Baba

Moonta, 19 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Col,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Anti Rhonda da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin tarin nan, ya kare ka a bakin aikinka a Port Hedland, amin. Mu nan ruwa da sanyi sun hana mu sakat, har ɗakin marigayi Baba ya fara yoyo. 'Yata Bronte ta ci jarrabawar aikin jinya. Ban kira ka a waya ba ne don kada muryata ta tsorata ka: haƙorana biyu na gaba sun fita, Kev mijina kuma ɗinki bakwai ne a goshinsa. Ka nemi wuri ka zauna.

Ka tuna shekara ashirin da shida ke nan da ƙungiyar masu tara kan sarki ta kori Baba, bisa zargin ya sace jajayen kan sarkin nan guda shida da ke manne da juna, na ɗan ƙungiyar nan Vern Pascoe. Da sunan ɓarawo aka binne shi a watan Mayu, mutum uku kacal suka zo daga ƙungiyar, abin ya tsaya mini a rai. Hujjar Baba kullum ɗaya ce. Masu ɗab'i biyu ne suka buga irin wannan kan sarki, ba a bambanta aikinsu sai a farin gefen takardar, inda lambar farantin bugawa take. Na Vern lamba biyu ce da haruffan mai ɗab'i na farko cikin da'ira, haka aka rubuta a littafin ƙungiya. Baba ya rantse nasa lamba huɗu ce, ba haruffa, aikin mai ɗab'i na baya. Amma ya naɗe gefen ta ƙasa, ya hana kowa buɗewa, wai takardar ta tsufa za ta karye, kuma shi ba zai wanke kansa gaban mahassada ba. Mu muka ɗauka girman kai ne irin nasa.

Ran Asabar da rana na ɗauki kundin kan sarkin Baba, na ja Kev muka tafi taron wata-wata na ƙungiyar a zauren coci. Na ce wa Madam Opie, sakatariya, ta kawo littafin ƙungiya da gilashin dubawa mai ƙara girma, a buɗe gefen gaban kowa a maido wa ubana sunansa. Vern na zaune kusa da tukunyar shayi da sandarsa, shekararsa tamanin da huɗu. Ɗansa Darryl ne ya tashi yana dariya ya ce, "A'a, 'yar ɓarawo ta kawo kayan gado? Ajiye nan ki kama gabanki, mun yafe kuɗin haya." Na ce masa, "Kai ƙaton banza, ko matsefatar ɗaukar kan sarki ba ka iya riƙewa ba, da yatsun nan naka masu maiƙon kifi za ka taɓa kundin ubana?" Sai ya miƙo hannu ya fizge shi.

Yaya, ban san lokacin da na caka masa matsefatar Baba a bayan hannu ba, har ta tsaya cak. Ya ƙwala ihu, ya kamo gashina ya buga fuskata da bakin tebur, na ji haƙorana sun ɓalle. Kev ya kai masa naushi a hanci, ƙanin Darryl ya rotsa wa Kev kujerar ƙarfe a ka. Tsofaffi suna rungume kundayensu suna ihun a kula da kaya, ba mai cewa a kula da mutane. Madam Opie tana buga cokali a kofi tana cewa, "Jama'a, ɗakin Allah ne fa!" Cikin kokawar teburin ya kife, tukunyar ta juye, tafasasshen ruwa ya sheƙa a ƙafafun Vern. Kukan da tsohon nan ya yi har yanzu yana kunnena.

Ni ina ƙasa, jini na zuba mini a riga, ga shafin kundin Baba mai jajayen nan ya faɗo gabana, ga gilashin Madam Opie ya tsage amma yana gani. Kowa ya yi kan Vern. Na ce bari in gani da idona in tashi in kunyata su. Na buɗe gefen, bai karye ba, ko alama. Lamba biyu, Yaya. Ga haruffan cikin da'ira, raɗau. Na duba sau uku ko jini ne ya rufe mini ido.

Ka san abin da Baba ya fara koya mana tun muna ƙanana: wanda ya yage gefen kan sarki ya kashe shaidarsa, gara ya ƙone shi gaba ɗaya. To, ni na yi. Na bi layin hudojin da ke tsakanin kan sarkin da gefen na ɓalle shi, na cusa cikin safata, na tashi na ce ashe gefen ya daɗe da gutsurewa. Madam Opie ta ce in babu lamba babu hukunci, magana ta mutu. Ana ɗora Vern a gadon motar asibiti ya roƙa a nuna masa shafin. Ya daɗe yana kallon bakin yagar, fari fes, sabo. Mutumin da ya shekara sittin yana duba hudojin kan sarki ba ya bukatar gilashi. Ya dube ni ya ce, "Lorraine, 'yata, ni fa so nake kawai in sake ganin su." Bai tona ni ba.

Kunya ta ishe ni, kuma ina jin haushin Baba, ina kewarsa, duk a lokaci guda. Ko Kev ban gaya wa ba, yana ta yawo da ɗinkinsa yana alfahari ya kare mutuncin surukinsa. Vern na asibiti a Adelaide, ƙunar ta ƙi warkewa, an ce jikin ba daɗi.

Ka gaida Anti Rhonda, da Lachie, da Tamsin da jaririyarta. Kev da Bronte suna gaishe ka, Gwaggo Beryl ma ta ce in ce maka ka rage taba. Ka buɗe ambulan a hankali, gefen yana cikin 'yar farar takarda, jan da ke jikinsa jinina ne. Kai ne babba, uban namu ɗaya. Ko ka ƙone shi, ko ka aika wa Vern da sunanmu mu biyu, amma kada ka daɗe kana tunani, don likita bai ba shi kwanaki da yawa ba.

Taka ƙanwa har kullum,
Lorraine